TURAREN ITACE DA YAJI: WANE NAMIJI YA DACE DA SHI?

 Yau filin namu zai leƙa akwatin mai gida ne, mu ɗauko kwalbar turarensa mu duba. Kada wata ta ce ina ruwan shafin mata da turaren maza. Da ruwanmu ƙwarai. Mu ne muke wanke rigar da aka fesa wa turaren, mu ne muke kwana da ƙamshinsa a ɗaki, sau da yawa kuma mu ne muke kwance kuɗin adashi mu saya wa mai gida ko wa ko uba idan Salla ta matso. Bayan haka, 'ya'yanmu da ƙannenmu mata su ake zuwa wa zance da shi, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an ga yarinya ta bi ƙamshi ta faɗa rami.

Turaren da muke magana a kansa shi ne wanda masu sana'ar suke kira na itace da yaji, watau wanda gindinsa ƙamshin itatuwa ne da saiwoyi, sa'an nan aka ɗora masa kayan yaji a kai. Masu talla sun yi masa kirari mai yawa. Suna cewa wai turaren namiji ne mai natsuwa, mai kwarjini, wanda ya san inda ya sa gaba, ba shi da yawan magana amma in ya faɗa ta zauna. Ra'ayin wannan fili shi ne, lalle irin wannan namiji turaren ya dace da shi. Amma kwalba kuɗi ke sayenta, hali kuwa ba a taɓa kai shi kasuwa ba. Wadda ta riƙe wannan ta riƙe duk abin da muka zo faɗa yau.

ABIN DA KE CIKIN KWALBAR

Mu fara da itatuwan. Na farko sandal, wanda duk macen da ta taɓa haɗa turaren wuta ko humra ta san shi. Wanda ya fi suna daga ƙasar Maisur ta kudancin Indiya yake fitowa, inda tun a 1792 Sarki Tipu Sultan ya mai da bishiyar ta fada, ba mai taɓa ta sai da izini. Man ƙamshin yana can cikin zuciyar itacen da saiwarsa, shi ya sa ba sare bishiyar ake yi ba, tumɓuke ta ake yi. Kuma ba ta tara man da wuri. Sai ta yi kamar shekara 15 kafin a fara maganar amfani, wadda ta kai 30 kuwa ita ce ta ƙwarai. Saboda yawan tumɓukewa ta yi ƙaranci a Indiya, yanzu gonakin Ostireliya ne suke ba duniya kaso mai yawa.

Na biyu itacen ud, irin wanda alhazai kan kawo tsaraba daga Makka. Ko da yake Larabawa ne suka fi ji da shi, ba a ƙasarsu yake tsirowa ba. Daga dazuzzukan Asam ta Indiya, da Bangaladash, da Kambodiya, da Malesiya, da Indonesiya ake kawo shi. Abin mamaki, bishiyar da take da lafiya itacenta fari ne, ba nauyi, ba ƙamshi. Sai ta ji rauni, wata irin funfuna ta shige ta, sa'an nan take fitar da baƙin ƙaro don ta kare kanta, ƙaron ya yi ta jiƙa itacen shekara da shekaru. Wannan baƙin wurin shi ne ud. Tun 1995 aka sa ɗaya daga cikin irin bishiyoyin nan a jerin waɗanda ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da takardar izini, don kada su ƙare. Saboda tsadarsa, yawancin kwalaben kanti da aka rubuta wa sunansa haɗin masana'anta ne da aka kwaikwayi ƙamshin.

Na uku kuwa ɗan gida ne, watau jema, saiwar nan da iyayenmu suke jefawa cikin randa ko tulu don ruwan sha ya yi ƙamshi. Wata 'yar'uwarta da ake nomawa a Haiti da Indiya da Indonesiya ita ake tatsar manta a sayar wa manyan masu yin turare, kuma Haiti ce kan gaba a cinikin. Ciyawa ce wadda saiwarta ba ta yaɗuwa gefe, ƙasa take nutsawa tsaye har ta kai mita 3, shi ya sa ake dasa ta a gangare don hana ruwa cin ƙasa.

Kayan yajin kuma ba baƙinmu ba ne: kanumfari, da kirfa, da masoro, da citta, da gyaɗar ƙamshi. Kada ki raina su don kina ganinsu ƙulli-ƙulli a faifan mai koli. Neman hanyar ƙasashen yaji ne ya sa Vasco da Gama, mutumin Fotugal, ya kewaye Afirka da jirgin ruwa har ya sauka Kalikut ta Indiya a 1498. A wani sulhu da aka yi a 1667, mutanen Holan suka bar wa Ingila tsibirin Manhatan, inda tsakiyar birnin New York yake a yau, Ingila kuma ta sakar musu wani ɗan tsibiri mai suna Run. Abin da ya sa Holan ta nace a kan Run kuwa, gyaɗar ƙamshi ce da ke fita a can.

Domin a gane yadda ake haɗa su, ga misali guda. Akwai wani turaren maza da ake kira Terre d'Hermès, wanda kamfanin Hermès na birnin Paris ya fitar a 2006. Kamfanin nan da ɗinkin kayan doki ya fara a 1837. Wanda ya haɗa turaren shi ne Jean-Claude Ellena, haifaffen Grasse, garin da ya yi suna wajen turare a kudancin Faransa. Kalmar farko ta sunan, ma'anarta ƙasa, irin wadda ake takawa. A samansa ya sa lemon zaƙi da wani ɗan'uwansa mai ɗaci-ɗaci, a tsakiya ya sa masoro da wani ƙamshi kamar na dutsen ƙyastu idan an ƙyasta, a gindi kuma ya sa itacen al'ul da jema. Kafin shi akwai Old Spice na Amurka mai hoton jirgin ruwa, wanda aka fitar wa maza tun 1938, shi yajinsa ya fi yawa. Bayansa kuma akwai Oud Wood na Tom Ford, a 2007. Ba talla muke yi wa kowa ba. Mun ambace su ne don in kin ji sunan ki san dangin da ake nufi.

HAWA UKU

Turare irin wannan hawa uku ne, kuma ba tare suke fitowa ba. Da an fesa, lemon ne yake fara sallama, yana da daɗi, yana da kaifi, amma cikin minti 15 zuwa 30 ya tafi. Sai yajin ya fito ya yi awa biyu ko uku. Daga ƙarshe sai itacen ya rage shi kaɗai, ya yini a jiki, a riga kuwa har ya kwana. Dalilin ba mai wuya ba ne. 'Yar makaranta, ki ɗiga kananzir a tsumma guda, ki ɗiga man gyaɗa a wani, ki shanya su. Kananzir zai bi iska, man gyaɗa yana nan. Haka man lemo yake da sauƙin tashi, man itace kuwa mai nauyi ne, a hankali yake barin jiki.

Saboda haka wadda ta sayi turare don abin da ta ji a fesawar farko, lemo ta saya, ba ta san itacen da za ta kwana da shi ba. To, haka sha'anin maza yake. Kowane namiji yana da lemonsa, watau fara'ar ranar farko, da daɗin baki, da kyautar zance. Yana da yajinsa, wanda ba ya fitowa sai an ɓata masa rai. Yana kuma da itacensa, watau abin da zai rage bayan kayan lefe sun tsufa, an haifi na fari, albashi ya ƙare tun wata bai raba ba. Da wannan na ƙarshe ake zaman aure.

Akwai kuma wani abu game da hanci da ya kamata mu sani. A 2004 aka ba wata mace masaniyar kimiyya, Linda Buck, tare da abokin aikinta Richard Axel, kyautar Nobel saboda sun gano yadda hanci yake rarrabe ƙamshi da wari. Ɗan Adam yana da wajen iri 400 na 'yan ƙananan masu karɓar ƙamshi a can cikin hancinsa, kuma saƙon da suke aikawa gajeriyar hanya yake bi zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tunawa da motsin zuciya. Shi ya sa ƙamshi guda kan dawo miki da ɗakin kakarki gaba ɗaya. Shi ya sa kuma yarinyar da ta tashi tana jin sandal a rigar mahaifinta, in baƙo ya zo mata da wannan ƙamshi, sai ta ji ta amince da shi tun bai buɗe baki ba. Zuciya ta riga hankali yanke hukunci ke nan. Masu talla sun san wannan, mayaudara ma sun sani.

WANDA YA DACE DA SHI

In an tambaye mu wane namiji turaren nan ya dace da shi, sai mu ce a duba halin kayan da aka haɗa shi da su, a nemi mai irin halinsu.

Na ɗaya, mai daɗewa kamar sandal. Wanda abin da ya faɗa da safe shi za ki tarar da dare, abin da ya yi alkawari da rani shi zai cika da damina. Ba ya sāke aboki kamar riga, ba ya sāke fuska don aljihu ya yi nauyi.

Na biyu, wanda wahala ta gyara shi kamar ud. Kowa yakan ji rauni a duniya, ko na talauci, ko na rashin aiki, ko na mutuwar iyaye. Wani in ya ji rauni sai ya ruɓe, ya dawo gida ya huce a kan mace da yara. Wani kuwa raunin ne yake fito da haƙurinsa da tausayinsa. Na biyun nan shi ne mai ƙamshi.

Na uku, mai saiwa kamar jema. An san asalinsa, an san sana'arsa, an san inda yake kwana. In ruwa ya zo da ƙarfi shi yake riƙe ƙasar gidan, ba shi ne na farkon gudu ba.

Na huɗu, mai yaji da ma'auni. Kowace uwargida ta san miyar da ba yaji lami ce, wadda yaji ya yi wa yawa kuma ba ta ciwuwa. Namiji yana bukatar zafin nema, da kishin iyalinsa, da iya cewa a'a inda ya kamata. Amma zagi da duka da tsawa a gaban yara ba yaji ba ne, guba ce, ko da kuwa mai yin su ya yi wanka da turaren da ya fi kowane tsada.

Kun ga ke nan ba shekaru muke nufi ba, ba kuma muƙami ba. Ana samun wannan hali a wurin malamin firamare da bakanike da manomi, ana kuma rasa shi a wurin mai babbar mota.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ƙannena, ku saurara da kyau. Fesa biyu a ɗakin aboki ya isa saurayi ya zo miki yana ƙamshin attajirai. Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara, to turaren aro ma haka, sai dai shi yakan ɗauki lokaci kafin asiri ya tonu. Kada ki auna mutum da hancinki. Ki auna shi da abin da kika gani kuma kika ji daga bakin waɗanda suka san shi. Yaya yake magana da mahaifiyarsa? Yaya yake yi wa ƙannensa mata? In ya ci bashi yana biya? Ta ƙofar gida yake zuwa ya gai da iyayenki, ko a lungun makaranta yake tsayawa da mota? In kin ce kina da jarrabawa, yana ce miki je ki yi karatu, ko cewa yake boko ba ta da amfani ga mace?

Kuma in namiji ya ba ki kwalbar turare ya ce kada ki gaya wa kowa a gida, ki san ba kyauta ba ce, bashi ne, kuma ba da kuɗi zai nemi a biya shi ba. Ki kai wa mahaifiyarki ko gwaggonki ko malamarki maganar tun da wuri. Mu da muke koyarwa mun san zafin kiran suna a aji a ji shiru, a tambaya a ce ai wance ta daina zuwa. Ƙamshi yini guda yake yi, takardar shaidar karatu kuwa har tsufa tana aljihunki. Mai sonki da gaskiya zai iya jira, domin shi ma itace ne, ba ya tashi da iskar farko.

GARE KI UWARGIDA

In za ki saya wa mai gida, ga shawarwari. Kada ki shinshina murfi ki biya. Ki sa a ɗiga a bayan hannu, ki tafi ki gama sauran sayayyarki, bayan rabin awa ki sāke shinshinawa, sa'an nan ne za ki ji abin da za ki kai gida. In hali ya yi, a gwada a jikinsa shi kansa, domin turare ɗaya yakan sāke daga fata zuwa fata.

Ki duba rubutun kwalba. In an rubuta Eau de Toilette, man ƙamshin da ke ciki kamar kashi 5 zuwa 15 ne cikin 100. In Eau de Parfum ne, kamar 15 zuwa 20, ya fi daɗewa, ya kuma fi tsada. Sauran yawanci alkohol ne. In mai gida ba ya son mai alkohol, akwai na mai zalla a ƙananan kwalabe, sai dai a kiyaye shi da farar shadda don yana barin tabo. Ki yi hattara da jabu. In kin ga babban suna da ƙaramin kuɗi, ki tuna araha ba ta ado. Jabu yakan kwaikwayi hawan farko daidai, amma kafin a isa masallaci ya gudu. Gara ki sayi sandal ko jema na gaskiya gwargwadon ƙarfinki da ki sayi sunan da ba kome a bayansa.

Wajen ajiya, rana da zafi suna lalata turare, saboda haka kada a bar shi a taga ko cikin mota. A mai da shi kwalinsa a sa cikin akwati. Wajen shafawa kuma, wanka da tsabtar riga su ne farko, domin turare a kan gumi ƙara ɓaci yake yi. Fesa biyu ko uku sun isa. In mai gida ya ce shi ba ya jin ƙamshin don haka zai ƙara, ki gaya masa cikin ladabi cewa hanci yakan saba da abin da ya daɗe yana ji. Gwano ba ya jin warin jikinsa, mai turare ma ba ya jin nasa, amma na kusa da shi a sahu yana ji. Da bazara a rage, don zafi yana tayar da ƙamshi ya yi nauyi. Da hunturu kuwa lokacinsa ne, sai dai a fara shafa mai marar ƙamshi, domin busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Man kirfa da na kanumfari sukan sa wa waɗansu ƙaiƙayi ko ƙuraje, in an ga haka a daina sa wa fata. A kuma tausaya wa jariri, da mai asma, da mai laulayi, kada a fesa a ɗakin da suke.

Kada kuɗin turare ya fito daga na cefane ko na makarantar yara. Kuma in kin ji baƙon ƙamshi a rigarsa ranar Juma'a, kada ki ɗaura ɗamarar faɗa tun ba ki tambaya ba. Sa turare ranar Juma'a sunna ce, kuma maza sukan miƙa wa juna kwalba a bakin masallaci, su yi musabaha, su haɗa kafaɗa a sahu. Tambaya da fara'a ta fi zargi da kumburi.

Ku kuma mazajenmu, mun san kuna leƙa wannan shafi ko da ba ku faɗa ba. Abin kunya ne mutum ya fita yana ƙamshin ud, jama'a suna yaba shi a majalisa, alhali a gidansa ba sabulun wanki, an koro yaro saboda kuɗin makaranta, matarsa kuwa rabon da ta ji kalma mai daɗi daga bakinsa tun tana amarya. Wannan shi ne inuwar giginya, na nesa ka sha. Ƙamshin namiji daga ɗakinsa ya kamata ya fara, sa'an nan ya fita zaure.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, namijin da muka kwatanta ba daga sama yake faɗowa ba, a hannunmu yake tashi. Yaron da yake goye a bayanki yau, shi ne zai je zance gidan wata nan da shekara 20. In kin bar shi yana dukan ƙanwarsa kina dariya, yana ƙarya kina kare shi, yana ci ya bar kwano ga 'yan mata, to kada ki yi mamaki in surukarki ta zo miki da kuka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai noman sandal yana jiran shekara 15 bai gaji ba, mu ma kada mu gaji da koya wa 'ya'yanmu maza gaskiya da amana da kunya da haƙuri. In suka tashi da waɗannan, kowane turare suka shafa zai dace da su.

Allah ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, ya zaunar da matan aure lafiya a ɗakunansu, ya shirya mana zuriya, amin. Sai mun sāke saduwa a wannan fili.